Babi na Tara: Wane Faranti?

Malami zai rubuta waɗannan jimloli a allo, ɗalibai su karanta da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

Wanke faranti kafin ki zuba tuwo.
Ƙura ta rufe faranti, shi ya sa batir bai cika ba.
Likita ya ce sai an sa masa faranti a cinya.
Farantin wannan ƙofa ba shi da kauri.

Fa-ran-ti, gaɓa uku. In sun yi yawa a ce farantai. Kalmar ta fito sau huɗu, amma na farkon kaɗai za a aiki yaro kasuwar Wunti ya sayo ya riƙo a hannu. Abin da ya haɗa su siffa ce: abu mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, wanda faɗinsa ya fi kaurinsa nesa ba kusa ba. Mai karatu yana gane wanda ake nufi daga kalmomin da ke maƙwabtaka da shi: tuwo, batir, likita, ƙofa. Wannan ba ya ba kowa wahala.

Inda ake cutuwa shi ne wajen biyan kuɗi. Kowane faranti da abin da ake auna shi da shi, awon kuwa da lambobi ake rubuta shi, galibi ƙanana, a gefe ko a baya inda ido ba ya saurin kaiwa. Wanda ya iya karanta sunan kaya amma ya tsallake lambar da ke kusa da sunan, har yanzu da sauransa. Lambobin nan za mu bi a wannan babi.

Na cin abinci

Kakanninmu a akushi da ƙwarya suka ci. Daga baya tasa da langa da fanteka suka shigo, sai tangaran da silba, yau kuma roba ta cika gari. A wurin mai sayar da abinci kuwa faranti ya wuce mazubi, ya zama ma'auni. Masar Bauchi ƙirga ta ake yi, amma shinkafa da wake, ko taliya, ko dambu, "faranti nawa?" ake tambaya.

Ga lissafi ga mata masu wannan sana'a. Kuɗin da ke ciki misali ne, kowa ta sa farashin kasuwar yau. Wata ta kashe naira 18,000 a shinkafa da cefane da itace da ruwa. Ta sayar da faranti 30, kowanne naira 800. Ta tara 24,000, ribarta 6,000. Kashegari ta yi cefane iri ɗaya, amma ƙanwarta ce ta zauna bakin tukunya, ita kuwa hannunta da nauyi, faranti 24 tukunyar ta bayar. 24 sau 800 ya zama 19,200. Riba ta dawo 1,200. Ba wanda ya saci ko sisi, farashi bai sauka ba, masu saye ma sun yi ta sa albarka, amma kusan duk ribar ta bi cokali. Maganin abin shi ne cokalin zubawa ɗaya tak, da sanin sau nawa ake ɗebowa a kowane faranti, a kuma rubuta adadin farantan da aka sayar kullum a littafi. Na 'yan gida da na sadaka su ma a rubuta su, domin daga tukunyar suka fito.

Ma'aikatan lafiya ma suna aiki da wannan faranti wajen yi wa masu ciwon suga bayani. Sukan ce a sami madaidaici, mai faɗin wajen santimita 23, a raba shi da ido. Rabi ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yalo. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko nama ko ƙwai ko awara. Ragowar kashi ɗaya cikin huɗun shi ne gurbin tuwo ko shinkafa ko masa ko doya. A gidajenmu akasin haka muke yi, tuwo ya cinye fili miya ta raɓe a gefe. Kuma tun da mun saba haɗa hannu a tire ɗaya, ba yadda mai ciwon zai san iyakar abin da ya ci. A ware masa nasa. Wannan ba ƙyama ba ce, kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

A rumfar mai walda

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira, ɗaya dattijo, ɗaya mai walda.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Ga benci."

"Ƙofar shago nake so ka yi mini, mai ƙwari, wadda ɓarawo zai gani ya wuce."

"To Baba, wane faranti za a sa?"

"Mai kyau mana."

"Ai Baba a bakin mai sayarwa duk masu kyau ne. Akwai 1, akwai 1.2, akwai 1.5, akwai 2. Kowanne da kuɗinsa."

"Wancan yaron na bakin tasha ya ce zai yi mini a ƙasa da kuɗinka."

"Allah ya ba ka haƙuri Baba, ka koma ka tambaye shi kauri nawa zai sa. In ya faɗa, ya rubuta maka a takarda."

Lambobin da mai walda ya lissafa kaurin ƙarfe ne, da milimita. Ku ɗauki rula ku duba. Tsakanin 0 da 1 santimita ɗaya ce, ƙananan zane-zanen da ke tsakani kuma sun raba ta gida goma. Kowane gida milimita ɗaya ke nan, a taƙaice ana rubuta mm. Siriri ne ƙwarai, amma a ƙarfe rabin milimita ma kuɗi ne mai yawa.

Ku lura da ɗigon nan. 1.2 ba sha biyu ba ne, ɗaya ne da ɗan ƙari. 1.5 ɗaya da rabi ne. In kuwa sifiri ya zo kafin ɗigo, irin 0.8, to abin bai kai ɗaya ba. Kwanon rufi na alminiyom a nan yake, za ku ji ana cewa 0.45 ko 0.55, na biyun ya fi kauri. Malami ya daɗe a kan wannan ɗigo, kada ya wuce sai kowa ya iya jera 0.8, 1, 1.2, 1.5 da 2 daga siriri zuwa kakkaura ba tare da an taya shi ba.

Wasu 'yan kasuwa ba sa ambaton milimita, geji suke cewa. Shi geji a juye yake tafiya: in lamba ta hau, ƙarfe ya sirance. Geji 16 ya kai wajen milimita ɗaya da rabi, geji 20 bai cika milimita ɗaya ba. Mutum ya ji ashirin ta fi sha shida ya ɗauka ya yi ciniki, alhali ya sayi marar ƙwari. Duk wanda ya ce muku geji, ku ce ya faɗa da milimita.

To in ba ma'aunin kauri a kusa fa? Sikeli ya isa. Cikakken farantin ƙarfe yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Mai kaurin milimita 1 nauyinsa wajen kilo 23 ne. Mai 1.5 wajen kilo 35. Mai 2 wajen kilo 47, wato saura kaɗan ya kamo buhun simintin Ashaka mai kilo 50. In an ce muku faranti mai 2 ne, kuka ga yaro ɗaya ya sungume shi yana tafe yana hira, kun san zancen.

Lokacin duba ƙofa kuwa kafin a shafa fenti ne. Fenti yana rufe tsatsa, yana rufe walda ta ganganci, yana sa siririn ƙarfe ya yi kwarjini. Yawancin masu walda mutanen kirki ne masu cin guminsu, rigimar da ke tashi tsakaninsu da masu ba da aiki kuma galibi daga rashin rubutu take. Shi ya ce 1.2 aka yi da shi, kai ka ce 1.5, ba shaida.

Aiki: kowa ya rubuta takardar yarjejeniyar ƙofa a littafinsa. Ta ƙunshi tsawo da faɗi, kaurin faranti, jimlar kuɗi, abin da aka bayar kafin alƙalami, abin da ya saura, da ranar karɓa.

Na sola, da waɗanda ke ɓoye cikin batir

Yanzu da wuya ka bi unguwa a Bauchi ko Azare ko Misau ba ka hangi farantin sola a kan rufi ba, masallatai da shagunan cajin waya da rijiyoyin burtsatse duk sun koma kansa. A bayan kowanne akwai 'yar takarda manne. Ku nemi lambar da harafin W ke bi mata, irin 150W ko 300W. W ɗin wat ke nan, ma'aunin ƙarfin wutar da farantin zai iya bayarwa in rana ta take sosai. Za ku kuma ga harafin V. Babu shi a abacadar Hausa, don haka a rubuta shi a allo a koya. Shi ne bolt, ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta cikin waya.

Ga yadda ake lissafin. A ƙasarmu ana ƙiyasta wajen awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Faranti mai 300W sau 5 ya ba da 1,500, wato wutar da zai tara a yini. A takarda ke nan. Zafi da ƙura da waya da batir za su ci wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai a ce 1,100 ya iso hannu. Sai a lissafa masu ci. Ƙwan fitila 4 masu 10W, awa 6: 240. Fanka mai 60W, awa 8: 480. Talabijin mai 50W, awa 4: 200. Jimla 920. Ya isa, har da ɗan saura na cajin waya. Amma dutsen guga mai 1,000W a awa ɗaya zai lashe kusan abin da aka tara yini guda. Wannan ne ya sa ake jin mai gida yana cewa an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsu ƙalau, lodi ne ya fi ƙarfinsu.

Jabun ma akwai shi, ana manna takardar babba a jikin ƙarami. Girman farantin shi ke tona asiri. Mai 300W na gaske tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, faɗinsa kusan mita ɗaya. Ku tafi kasuwa da tef ɗin awo.

Wajen kafawa, a ɗan karkata fuskarsa kudu, wato hannun daman wanda ya fuskanci gabas, domin mu muna arewa da tsakiyar duniya. Karkatar kaɗan ce, daidai yadda ruwan sama zai gangara ya tafi da datti. A guji inuwa. Ƙananan gidajen da kuke gani a fuskar farantin a jere aka haɗa su, wuta ta bi ta wannan ta shiga wancan, saboda haka reshen dogonyaro ɗaya da ya rufe gefe yana iya rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. Da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, ban da soson ƙarfe.

Shi ma batir farantai ne a cikinsa, na dalma, jere cikin ruwan asid. Batir mai 12V ɗaki shida ne, kowane ɗaki na ba da wajen bolt 2. Irin wanda ake buɗe murafunsa, dole ruwa ya rufe farantan a koyaushe, in suka fito fili suka bushe sun lalace ke nan. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ban da na rijiya, ban da na leda, ban da ƙarin asid. Wanda aka rufe ruf daga kamfani ba a buɗe shi. Kada a kusanto da ashana ko taba wurin da ake caji, iskar da ke fita tana kamawa da wuta. Lambar da za ku karanta a jikinsa ita ce mai Ah, irin 100Ah ko 200Ah, yawan wutar da zai iya ajiyewa ke nan. A nan ma nauyi shaida ne, domin dalma nauyi gare ta, kuma batir mai 200Ah irin na dalma ba kayan da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu ɗaya ba ne.

In batir ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da farantan. Dalma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ita ce dai wannan.

Akwai wasu da za mu ambata mu wuce. Farantin tauraron ɗan Adam da ke kan katanga tattaro saƙo yake yi daga tauraron da ke sama da nisan wajen kilomita 36,000, ya tura wa ɗan kan da ke gabansa, shi ya sa in iska ta ɗan gusar da shi hoto ya ɗauke. Bakanike yana da farantin kuloci, wanda ke haɗa inji da giya, direba mai ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya kuwa shi ke cinye shi da wuri. Na kallon fim da waya ta kora daga kasuwa, wasu faranti suke ce masa, wasu faifai.

Wanda ke gaba da bayan mota

Shi wannan, lamba muka fi ce masa, amma farantin alminiyom ne aka buga lambar a kai. Ba abin da ya fi shi daɗin koyon karatu, ga shi kyauta, ga shi ko'ina.

Tsarin da ake amfani da shi ya samo asali ne a 1992, aka sabunta shi a 2011. A sama akwai sunan jiha da kirarinta. A tsakiya haruffa uku, lambobi uku, sai haruffa biyu, misali BAU-123AA. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista. BAU Bauchi ke nan. GME Gombe ce, wadda har zuwa 1996 tana cikin Jihar Bauchi. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 20, kowacce da nata haruffan. A tsohuwar lamba haruffan ƙaramar hukuma a ƙarshe suke zuwa, har yanzu za ku ga irinta jefi-jefi.

Launin rubutun ma magana yake yi. Shuɗi motar gida ce. Ja ta haya ce. Kore ta gwamnati ce. Saboda haka motar da ta tsaya a bakin hanya tana kiran fasinjan Jos ko Kano da shuɗiyar lamba, ba a yi mata rajistar haya ba. Ko za ka shiga, ka shiga da saninka.

Haruffan lamba na Turanci ne, ba za ku ga ɓ ko ɗ ko ƙ ba, za ku kuwa ci karo da P, Q, V da X waɗanda ba mu saba da su ba. A koye su yau. A kuma kula kada a rikita harafin O da sifiri, ko harafin I da lamba 1, ko B da 8. Wurin da abu ya zauna shi ke raba gardama: ukun farko haruffa ne, ukun tsakiya lambobi ne.

Amfanin wannan karatu a fili yake. Za ki sa yarinya a keke napep zuwa makaranta, ki karanta lambar. Za ka yi doguwar tafiya daga tasha, ka rubuta lambar motar ka tura gida ta waya. Mota ta buge mutum ta gudu, "wata farar mota ce" ba ya kai jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sanda ko'ina, amma ko haruffa ukun farko da lambobi biyu aka riƙe an rage musu aiki. Mai sayen babur na hannu kuma kada ya tsaya a faranti, domin kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, kowa na iya sauyawa. Ya gwada lambar da ke takarda da wadda aka buga a jikin inji da jikin babur ɗin, harafi bayan harafi. In ɗaya ya saɓa ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Aiki: a fita bakin titi minti goma. Kowa ya kwafo lamba biyar da launin kowacce.

A asibiti

Haɗarin babur ya sa mutane da yawa sun san wannan farantin ba da son ransu ba. Idan ƙashi ya karye ta yadda ɗauri daga waje ba zai tsayar da shi daidai ba, likitan ƙashi yakan yi tiyata ya shimfiɗa ɗan siririn ƙarfe a jikin ƙashin ya ɗaure da kusoshi masu zare. Ƙarfen na musamman ne, ba ya tsatsa a cikin jiki. Ba shi ke warkarwa ba. Riƙe ƙashin yake yi kada ya motsa, har Allah ya sa ya haɗe da kansa, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Wani a cire daga baya, wani a bar shi har abada, likita ke yanke wannan. Ana irin wannan aiki a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi.

Mutanenmu da yawa maɗori suke fara nema, kuma ba a raina gadon gidan kowa. Amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, nan take. Haka kuma in an ɗaure hannu ko ƙafa sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, jini ne ba ya wucewa. A kwance ɗaurin a nufi asibiti, kada a ce sai gobe. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa jinkirin nan ne ya ja musu.

Lambar da za ku karanta a nan ita ce ranar komawa. Idan an rubuta 03/04, rana ce a gaba, wata a baya: 3 ga Afrilu. Wanda aka sa wa ƙarfe kuma ya riƙa faɗa duk lokacin da za a ɗauke shi hoto a babbar na'urar asibiti mai maganaɗisu da ake kira MRI.

A ɗakin gwaji akwai wani ɗan faranti mai murfi. Ana shafa fitsari ko majina ko ruwan gyambo a kai, a ajiye a ɗumi daidai da na jikin mutum, digiri 37, a jira ƙwayoyin cuta su tsiro. Tsirowar na cin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a gwada wane magani ne ke kashe su. In an ce ku dawo bayan kwana uku ba wulaƙanci ba ne. Kuma in kun riga kun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, ku faɗa, don yana iya hana gwajin nuna komai.

Kafin a buga kati

Masu buga katin biki da kalanda da yawa sai sun fara ɗora rubutun a kan farantin alminiyom, shi ake naɗa wa inji. Aiki mai cikakken launi faranti huɗu yake ci, kowane launi da nasa. Da zarar an yi faranti gyara ya ƙare, sai dai a biya kuɗin sabo. Don haka ku ce a ba ku samfuri a takarda ku karanta a tsanake: sunan ango da amarya, rana, lokaci, wuri. Ku bi haruffa masu lanƙwasa ɗaya-ɗaya, don injinan wasu ba su san da su ba. Kati 500 da ke gayyatar "manyan baki" maimakon manyan baƙi ba ya gyaruwa da biro.

Wanda muke zaune a kai

Wannan karatun ƙarin ilimi ne, a yi shi a hankali.

Masana ilimin ƙasa sun gano cewa ɓawon duniya ba dunƙule yake guda ɗaya ba. Ya yi kama da ƙwaryar da ta tsattsage aka harhaɗa ta. Manyan ɓangarorin bakwai ne, da ƙanana da dama, su ma farantai ake ce musu. Kaurinsu a ƙarƙashin nahiyoyi ya kai kilomita 100, wani wuri ya ninka haka. Cikin ikon Allah motsi suke yi a kan dutse mai zafi da ke ƙasansu. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ne ya fito da zancen tafiyar nahiyoyi a 1912, aka ƙi yarda da shi, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙasan teku hujjoji suka tabbata. Malami ya kawo taswirar duniya. Ku dubi ƙusurwar Barazil, ku dubi lungun tekun da ke kudu da Nijeriya. Da a manne suke, sun rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce.

Girgizar ƙasa mai tsanani a bakin farantai ta fi aukuwa, inda suke gogayya. Ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000. Nijeriya tana tsakiyar farantin Afirka, nesa da baki, shi ya sa abin da muke samu 'yar jijjiga ce, irin wadda aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da unguwar Mpape ta Abuja a 2018. Cibiyar gwamnatin tarayya da ke sa ido kan motsin ƙasa kuwa a jiharmu take, a Toro.

Rabuwar nan ta bar mana gado. Lokacin da Afirka ke ɓallewa daga Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta yo ciki ta kwarin Binuwai, reshe ɗaya ya hauro ta kwarin Gongola. Tsagar ba ta ƙarasa ba, ta zama ƙaton kwari, ruwan teku ya shigo ya ja da baya, laka da yashi da ragowar halittu suka taru suka daskare. Daga nan aka sami dutsen da ake siminti da shi a Ashaka, da kwal ɗin Maiganga, da man Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙarsa a Nuwamban 2022. Manomin Alkaleri da ke huɗa a can, a tsohon gindin ruwa yake noma.

Har gobe tekun Atlantika ƙara faɗi yake yi, wajen santimita 3 a shekara a ɓangaren kudu. Kowa ya ninka shekarunsa sau 3. Mai shekara 40 zai sami 120, mai 70 zai sami 210. A ari tef a wurin telan da ke cikin aji, kowa ya auna nasa a ƙasa daga jikin bango, ya ja layi da alli, ya rubuta lambar da cm a gefenta.